Darasi na Tara: Tsabtar Daimon Wajen Sayen Kayan Ado

Yawancinmu mun iya sayen gwal. Mace za ta shiga shago ta tambayi kuɗin giram na ranar, ta duba hatimi ta ga ko 18 ne ko 21 ko 22, a ɗora sarƙa a sikeli, a buga lissafi, a ƙara kuɗin ƙira, a ɗan taɓa jayayya, ciniki ya faɗa. Amma da zarar an ce akwai daimon a jikin sarƙar ko zoben, sai wannan ƙwarewa ta tsaya cik. Ga duwatsu biyu, nauyinsu ɗaya, girmansu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya a ido, mai shago kuma ya ce kuɗin wannan ya ninka na wancan. In aka tambaye shi dalili sai ya jero haruffa: wannan VVS ne, wancan SI. Mai saye, don kada a ce bai waye ba, sai ya gyaɗa kai ya biya.

Abu huɗu ake dubawa kafin a yi wa daimon kuɗi: nauyinsa, launinsa, kyan yankansa, da tsabtarsa. Wannan darasi a kan na huɗun yake. In kun kammala shi, ya kamata ku iya karanta waɗancan haruffa, ku iya riƙe madubin dubawa mai ƙara girma ku leƙa cikin dutse da idonku, ku kuma gane inda ƙarin kuɗi yake da amfani da inda ya zama asara.

Kafin mu shiga, ku riƙe wannan don kada lissafi ya rikice muku a shago. Karat na gwal yana nuna yawan zallar zinare ne a cikin kashi 24. Karat na daimon kuwa nauyi ne: karat 1 daidai yake da giram 0.2, wato karat 5 ke yin giram guda. Daimon mai yankan da'ira da ya kai karat 1, faɗinsa bai wuce milimita 6.5 ba ko kusa da haka. A cikin wannan ɗan ƙaramin fili duk abin da za mu tattauna yake faruwa.

Daga ina tabon ya fito?

Tsabtar da ake nufi a nan ba ta wanki ba ce. Ana nufin yadda cikin dutsen da fatarsa suka kuɓuta daga tabo. Daimon sinadarin kabon ne, irin wanda ke cikin gawayi da bakin fensir, sai dai shi ya haɗu ne a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kilomita 150 zuwa 200, cikin zafi da matsi masu tsanani. Mafi yawansa ya haura shekara biliyan ɗaya. Daga baya aman wuta ya turo shi sama a cikin wani irin dutse da aka sa wa sunan garin Kimberley na Afirka ta Kudu. Abin da ya yi irin wannan zama da irin wannan tafiya da wuya ya iso babu alama a jikinsa. Ku ɗaga ƙanƙarar da aka daskarar a leda ku duba ta a rana: za ku ga kumfa, da farin hazo a tsakiya, da 'yan tsage-tsage, wani lokaci har da ɗan ƙurar da ruwan ya daskare da ita. Haka cikin daimon yake, illa dai nasa ƙanana ne ƙwarai.

Masu sana'ar sun kasa tabon gida biyu. Akwai na ciki, wanda yake binne a jikin dutsen ko ya faro daga fata ya nutsa. Akwai na waje, wanda ya tsaya a fata kawai, kamar ƙarzuwa, ko layin da injin gogewa ya bari, ko ɗan ɓangaren asalin fatar dutsen da mai yanka bai goge ba. Na waje sau da yawa ana iya goge shi a rasa ɗan nauyi kaɗan. Na ciki shi ne ya fi taɓa farashi.

Na cikin ma iri-iri ne. Wani ƙwayar ma'adini ce da daimon ya girma ya rufe ta, fara ko baƙa ko ja, wani lokaci ma ɗan ƙaramin daimon ne a cikin babban. Wani ɗigo ne da ko a madubi da ƙyar ake ganinsa. In ɗigon suka taru da yawa wuri guda sai su zama hazo. Wani siriri ne dogo, ana ce masa allura. Wani kogo ne da bakinsa ya buɗe a fata. Sai kuma tsaga, wadda takardun shaida ke kira gashin tsuntsu saboda yadda take bayyana fara-fara mai zara-zara. Sunan yana da daɗi, amma ku sani tsaga ce, za mu kuma dawo kanta.

Ba kowa ke ganin waɗannan abubuwa a matsayin aibi ba. A shekarar 2014 masana ƙarƙashin jagorancin Graham Pearson na Jami'ar Alberta a Kanada suka ba da labarin wani ɗan daimon mai launin ƙasa-ƙasa daga yankin Juina na Barazil, wanda ba shi da wata daraja a kasuwar ado. A cikinsa suka sami ƙwayar wani ma'adini da ya fito daga zurfin da ya wuce kilomita 500, ɗauke da ruwa a jikinsa. Babu rijiyar da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da ta kai ko kusa da wannan zurfi. Tabon da mai sayen zobe zai raina shi ya kawo wa masana labarin.

Mai yanka shi ne mutum na farko da tabo ke sa wa tunani. Ɗanyen daimon yakan rasa rabin nauyinsa ko fiye kafin ya zama abin sawa a zobe, kuma mafi yawan wannan aiki a yau a birnin Surat na Indiya ake yinsa. A kan kowane dutse sai an zaɓa: a fitar da babba mai tabo, ko a yanke tabon a fitar da ƙarami mai tsabta. Shi ya sa dutsen da ya haɗa girma da tsabta yake da tsada haka. Samunsa ne ke da wuya.

Haruffan da ke kan takarda

Ma'aunin da kasuwannin duniya suka fi bi na cibiyar GIA ne, wadda Robert Shipley ya kafa a Amurka a 1931. A 1953, ƙarƙashin Richard Liddicoat, ta fito da tsarin da ake amfani da shi har yau. Kafin nan kowane ɗan kasuwa da kalmominsa, abin da wani ya kira mai kyau wani ya kira matsakaici.

Ginshiƙin tsarin shi ne ƙara girma sau 10. Ƙwararren mai duba zai share dutsen, ya riƙe shi da hantsaki, ya bincika shi a na'ura, sannan ya yanke hukunci da abin da ake iya gani a ƙarin girma sau 10. Abin da bai bayyana a nan ba, ba a lissafa shi. Saboda haka in an ce dutse ba shi da tabo, ana nufin ba a ga komai ba a wannan mizani.

Matakan goma sha ɗaya ne, a rukuni shida. Na ƙoli shi ne FL: babu tabon ciki, babu na waje. Irinsa ƙalilan ne ƙwarai, har akwai maƙeran da suka tsufa a sana'a ba su taɓa riƙe ɗaya ba. Mai bi masa IF: ciki tas, sai ɗan abin da ba a rasa ba a fata. Daga nan VVS1 da VVS2, inda tabon yake da ƙanƙanta har ƙwararre ma sai ya wahala kafin ya gano shi a madubi. Sai VS1 da VS2: ƙwararre zai gani in ya natsu, amma tabon ƙarami ne. Sai SI1 da SI2: da an kara madubi za a gani ba tare da wahala ba. Na ƙarshe I1 da I2 da I3, inda tabon yake a fili, yawanci ido ma yana ganinsa, yana kuma iya rage ƙyalli ko ƙarfin dutsen. A kowane rukuni mai lamba 1 ya fi mai lamba 2. A wasu takardun Turai za ku ga P1, P2, P3 a madadin rukunin ƙarshen nan. Za ku kuma iya cin karo da SI3. GIA ba ta da wannan mataki, kuma dutsen da aka liƙa wa shi sau da yawa da ita ta duba shi I1 za ta ce.

Ba ƙirga tabo kawai ake yi ba. Ana duba girmansa in an gwada da girman dutsen, da yawansa, da irinsa, da yadda launinsa ya bambanta da jikin daimon, da kuma mazauninsa. Wannan na ƙarshen ya kamata mai saye ya fahimce shi sosai. Daimon mai yankan da'ira yana da fuska 57 ko 58. A sama akwai babbar fuska shimfiɗaɗɗiya da ake kira tebur, kewaye da ita ƙananan fuskoki, sannan ƙugu inda dutsen ya fi faɗi, sannan gindi mai tsini. Baƙin ɗigo da ya zauna a tsakiyar tebur kowa zai gan shi. Ɗigo mai girmansa da ya raɓe kusa da ƙugu, ƙananan fuskokin za su ɓatar da shi cikin walƙiya, wataƙila ma farcen zinaren da ke riƙe dutsen ya rufe shi gaba ɗaya. Wanda kuma ya faɗa can ƙasa kusa da tsini, fuskokin gindi suna iya maimaita hotonsa, tabo ɗaya ya bayyana kamar biyar. Shi ya sa za a sami duwatsu biyu duk SI1, ɗaya garau a ido, ɗaya kuma da an kalle shi tabon ne ke fara yi wa mutum sallama. Harafi bai isa ya faɗa muku wanne ne wanne ba. Sai an duba.

Abin da ido ke gani

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Babu wanda zai zo wurin biki da madubin dubawa ya kama hannun amarya yana binciken zobenta. Mutane da ido suke kallo, daga ɗan nesa, hannun kuma yana motsi. Daga FL har zuwa VS2, kusan a kowane hali, idon mutum ba ya ganin bambanci. SI1 da yawa ma haka suke, musamman in dutsen bai kai karat 1 ba. Farashi kuwa kowane mataki hawa yake yi. Manyan dillalai suna kafa ciniki ne a kan jadawalin farashi irin wanda Martin Rapaport ya fara fitarwa a 1978, wanda ya jera kuɗin daimon gida-gida bisa nauyi da launi da tsabta. Wanda ya sayi VVS1 ya biya kuɗin ƙarancin irinsa ne a duniya. Wannan ba laifi ba ne ga mai hali da ya san abin da yake saye. Abin da ba na so shi ne mai haɗa lefe da guminsa ya ƙuntata wa kansa a kan abin da shi da amarya da danginta babu mai iya gani.

A ganina, mai sayen abin ado ya fara nema daga VS2 zuwa SI1, ya sa sharaɗin cewa idonsa bai ga komai ba in ya riƙe dutsen a tazarar da yake karanta littafi. Rarar kuɗin ya kai ta wajen kyan yanka, domin yanka ne ke ba daimon wuta. Dutse mai tsabtar IF da aka yi wa mummunan yanka zai zauna dishi-dishi kusa da SI1 da ya sami gwanin mai yanka.

Wannan shawara tana da iyaka a wuri biyu. In dutse ya girma, fuskokinsa ma sun faɗaɗa, tabon da zai ɓuya a rabin karat ba zai ɓuya a karat 2 ba. Haka nan siffar yanka. Yankan da'ira yana ɓoye tabo saboda yawan walƙiyarsa. Yanka mai kusurwa huɗu mai dogayen fuskoki jere kamar matakala, irin wanda ake yi wa zumurrudu, buɗe yake, ana hango har ƙasansa. A irin wannan gara a hau zuwa VS1 ko aƙalla VS2.

Hazo kuma yana da nasa sha'ani. Ɗan hazo ƙarami ba ya cutar da komai. Amma in ya mamaye dutsen, ba za ku ga tabo guda da za ku nuna da yatsa ba, sai dai dutsen ya yi fari-fari kamar ba a wanke shi ba, kuma ko an wanke ba zai washe ba. In kun ga an rubuta a wurin ƙarin bayani na takarda cewa matakin tsabtar an ɗora shi ne a kan hazon da ba a zana ba, dutsen kuma SI ne, to ku ajiye shi kusa da wani ku gwada ƙyallinsu kafin ku yi magana.

Tsagar da ke da haɗari

Mutane da yawa sun ɗauka daimon ba ya fashewa. Gaskiya ne babu wani ma'adini na halitta da ya kai shi tauri wajen ƙarzuwa, shi ne na 10 a ma'aunin Mohs. Amma yana da hanyoyi a jikinsa da in bugu ya dace da su zai rabe. Daimon ɗin Cullinan da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905, mai nauyin karat 3,106, da wuƙar ƙarfe da bugu Joseph Asscher ya raba shi a Amsterdam a 1908. Abin da gwani ya yi da gangan, bakin tukunya ko ƙofar mota na iya yinsa bisa tsautsayi.

Saboda haka tsaga ta fi baƙin ɗigo muhimmanci, ko da ɗigon ya fi ta muni a ido. Ƙaramar tsaga da ke binne a tsakiya, wadda ta jure yanka da gogewa, ba abin tsoro ba ce. Wadda za a guje wa ita ce babba da ta fito har fata, musamman a ƙugu ko a kusurwa mai tsini, inda maƙeri zai danna farce kuma inda bugu ya fi samu. Zobe da awarwaro su suka fi shan karo, don hannu ba ya hutawa. 'Yan kunne da kan sarƙa suna zaune lafiya, kuma ba a kallonsu kurkusa, don haka a nan ana iya sassautawa a sauka mataki ɗaya ko biyu.

Gyaran da ba a faɗa

Akwai hanya biyu da ake bi a rage munin tabo. Ta farko, a huda dutsen da hasken leza, rami siriri da bai kai kaurin gashi ba, har a isa baƙin tabon, a zuba sinadari ya cinye shi ko ya mai da shi fari. Ramin yana nan har abada, a madubi ana ganinsa kamar farin zare miƙaƙƙe daga fata zuwa ciki. GIA tana duba irin wannan dutse, ta kuma rubuta a takarda cewa an huda shi.

Ta biyu ta fi damuna. Ana cusa wani abu mai kama da gilashi a cikin tsagar da ta fito fata, sai tsagar ta kusa ɓacewa daga gani. Zvi Yehuda na Isra'ila ne ya fito da dabarar a shekarun 1980. Tsagar tana nan, an dai lulluɓe ta ne. Ranar da aka kai zoben wurin maƙeri don a rage shi ko a ƙara, wutar da zai hura na iya lalata cikon, tsagar ta dawo fili, a kama rigima da maƙerin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda cikon ba mai ɗorewa ba ne, GIA ba ta ba irin wannan dutse matakin tsabta sam. Alamarsa ita ce, in ana juya dutsen a hankali ƙarƙashin madubi, sai a ga wata walƙiya mai launi ɗaya, shuɗi ko shunayya ko ruwan lemo, ta gilma a shafi guda ta ɓace. Sayar da gyararren dutse ba laifi ba ne in an faɗa, an kuma rage kuɗi. Ɓoyewar ita ce algus.

Sai kuma akasin haka: dutsen da ya cika tsabta, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Araha ba ta ado. Zirkoniya da ake ƙerawa a masana'anta yawanci ba ta da tabo ko ɗaya, ta kuma fi daimon nauyi in girmansu ɗaya. Moisanait yana iya ruɗin ƙaramar na'urar gwaji mai auna zafi da ake gani a shaguna, amma in an leƙa shi da madubi ta gefen tebur, layukan fuskokinsa na ƙasa sukan bayyana bibbiyu. Akwai kuma daimon da ake haɗawa a ɗakin gwaji. Shi daimon ne na gaske ta fuskar sinadari, yakan zo da tsabta mai kyau, waccan na'urar mai auna zafi ba ta bambanta shi da na ƙasa, amma kuɗinsa ya yi ƙasa da na haƙa nesa ba kusa ba. Mai son sa ya saya da saninsa, a farashinsa. A nan ɗan tabon halitta yakan zama abin kwantar da hankali, ko da yake shi kaɗai ba hujja ba ne.

Takardar shaida

Dutse guda da ya kai a kira shi babba, kada ku saye shi sai da takardar cibiya mai zaman kanta, irin GIA, ko IGI da HRD waɗanda asalinsu birnin Antwerp ne na Beljiyam. Takardar da shagon ya buga da kansa ra'ayin mai kaya ne a kan kayansa. Ku kuma sani mutane ne ke yanke matakin, don haka cibiyoyi biyu na iya saɓawa da mataki guda a kan dutse ɗaya.

A cikakkiyar takardar GIA akwai zanen dutsen ta sama da ta ƙasa. Jan tawada yana nuna tabon ciki, kore yana nuna na waje. Ƙaramar takardar da ake ba ƙananan duwatsu ba ta da zanen, amma lambarta tana rubuce da leza a ƙugun dutsen. Ku nemi a nuna muku lambar a madubi, ku gwada ta da ta takarda, sannan ku shigar da ita a shafin cibiyar na intanet ta wayarku, ku ga ko nauyi da awo da mataki sun dace. Zanen nan yana da wani amfani bayan ciniki: duk ranar da kuka kai zobe gyara, kun san tabon dutsenku da inda yake, in an dawo muku da shi sai ku duba.

Sarƙa da 'yan kunnen da aka jera wa ƙananan duwatsu masu yawa, waɗanda su aka fi saye a lefe, ba a yi wa kowane dutse takarda. Za a rubuta jimillar nauyinsu ne da mataki na gaba ɗaya, misali VS zuwa SI. A nan abin dubawa shi ne su yi kama da juna, kada a sami wasu dishi-dishi a tsakanin masu haske. Ku kuma lura, duwatsu hamsin da suka haɗu suka yi karat 1 ba su kama ƙafar dutse guda mai karat 1 a daraja ba.

Mai ba da sautu ga wanda zai tafi Dubai ko Jidda, ko mai saye ta hoton WhatsApp, ya san cewa cinikin biri a sama yake yi in bai karɓi lambar takarda ya bincika ba kafin ya tura kuɗi. Hoto ba ya nuna hazo, fitilar shago kuma an shirya ta ne don ta sa kowane dutse rawa.

A cikin shago

A ɗauka wata Hajiya ta shiga shagon kayan ado tana neman zoben da za a sa a lefen ɗanta. Mai shago ya fito da biyu, kowanne rabin karat, launi ɗaya, yanka ɗaya.

"Hajiya, wannan VVS2 ne, shi ya dace da ke. Wancan SI1 ne."

"To Alhaji, a goge min su tukuna, sannan yaronka ya rako ni bakin ƙofa in gan su a hasken rana."

Ta sa a goge ne domin daimon yana kama maiƙo. Man shafawa da zufan yatsa suna rage masa haske, ƙura kuma tana kama da tabo. A bakin ƙofa, cikin inuwa, ta riƙe su a tazarar karatu, ta karkata su dama da hagu, ba ta ga bambanci ba. Ta dawo ta karɓi madubi. Ta kafa gwiwar hannuwanta a kan kantar shagon, ta kara madubin dab da idonta, ta bar ɗaya idon a buɗe, ta matso da zoben a hankali har ya rage kamar faɗin babban yatsa tsakaninsa da madubin, ta jingina hannu da hannu don kada su yi rawa. A SI1 ta ga farin ɗigo can gefe, kusa da farce. Ta juya shi ta duba ƙugu zagaye, babu tsaga, babu giɓi.

"Alhaji, na ƙasa ne ko na ɗakin gwaji? An huda shi ko an cike shi?"

"Na ƙasa ne, Hajiya, ba a taɓa shi ba. Ga takardarsa."

"Madalla. Abin da ka faɗa ɗin nan a rubuta min shi a rasit, da lambar takardar, da nauyin dutsen daban, nauyin gwal ɗin daban."

Ta ɗauki SI1, rarar kuɗin ta ƙara a nauyin awarwaro. Ta yi haka ne don ta san abin da mata da yawa ba sa sani sai ranar buƙata. Gwal ajiya ne, ranar da aka matsu a ɗora shi a sikeli a karɓi kuɗin ranar. Daimon ba haka yake ba. Mai sayen tsohon gwal yakan cire nauyin duwatsu ne kafin ya yi lissafi, wanda ma zai sayi daimon ɗin yawanci ƙasa da kuɗin da aka saye shi zai taya. Ƙarin da aka biya don hawa daga VS zuwa VVS ba lallai ya dawo ba.

Aiki

1. Jera waɗannan daga mafi tsabta zuwa ƙasa: SI2, IF, VS1, I1, VVS2, VS2.

2. Duwatsu biyu duk SI1 ne. Ɗaya yana da baƙin ɗigo a tsakiyar tebur, ɗaya yana da tsagar da ta fito fata a ƙugu. Wanne za ku sa a zobe, wanne a ɗan kunne, ko duka za ku bari? Ku kawo dalili.

3. Me ya sa ya zama dole a gaya wa maƙeri in an cike tsagar dutse kafin ya fara gyaran zobe?

4. Ƙanwarku za ta ba da sautun sarƙar daimon. Rubuta mata abubuwan da za ta nema a aiko mata kafin ta tura kuɗi.

Kada ku jira ranar ciniki kafin ku fara riƙe madubi, domin hannun da bai saba ba rawa yake yi, ido kuma ba ya ganin komai sai dishi. Ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu ku sayi madubi guda mai ƙara girma sau 10, ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran agogo da na maƙera. Kowa ya gwada da abin da ke gidansa, ko dutsen ɗan kunne na gilashi ne, ko ƙwayar gishiri. Ku zana da'ira a takarda, ku sa alamar duk abin da kuka gani a inda kuka gan shi, ja ga na ciki, kore ga na waje. Ku zo da zanen da abin da kuka duba a zama na gaba, za mu musanya, kowa ya nemo tabon da ɗan'uwansa ya zana.